Matatar Ruwan Ƙazanta Marar Iska: Yadda Take Aiki da Hanyoyin Inganta Ta

 

 

Gabatarwa

Duk ruwan da ya fito daga banɗaki, ko madafa, ko mayanka, ko masana'anta, yana ɗauke da abubuwa masu ruɓewa: najasa, jini, maiƙo, sitaci da ragowar abinci. Idan aka sake shi cikin rafi yadda yake, ƙwayoyin bakteriya za su ci waɗannan abubuwa a can, su shanye iskar oksijin da ke cikin ruwan, kifi ya mutu, rafi ya yi baƙi ya ɗauki ɗoyi. Aikin tace ruwan ƙazanta shi ne a sa wannan ruɓewa ta faru cikin tanki, a ƙarƙashin kulawa, kafin ruwan ya isa rafi. Masana suna auna ƙarfin ƙazanta da ma'aunin da suke kira COD, wato yawan oksijin da za a buƙata don ƙone duk abin da ke ruɓewa a cikin lita ɗaya. Ruwan gidaje yakan kai miligiram ɗaruruwa a lita, na mayanka kuwa dubbai.

Hanya biyu ake bi. Ta farko ita ce a riƙa hura iska cikin ruwan da injuna dare da rana, dabarar da Ardern da Lockett suka fito da ita a Manchester ta Ingila a 1914, kuma irinta ce ke aiki a matatar Wupa da ke Abuja. Tana tace ruwa ƙwarai, amma ranta yana hannun wutar lantarki, kuma laka mai yawa take tarawa. Hanya ta biyu ita ce a rufe tanki a hana iska shiga, a bar wasu ƙwayoyin halitta da ba sa buƙatar oksijin su narkar da ƙazantar su mayar da ita iskar gas mai kama wuta. Wannan hanya ba ta neman injin hura iska, lakarta kaɗan ce, kuma zafi take so. Ƙasar da wuta ke ƙaranci, rana kuma ke da yawa, ai ba sai an faɗa mata wacce ta fi dacewa da ita ba.

Cikin na'urorin wannan hanya ta biyu, zan yi magana ne a kan guda ɗaya: rufaffen tanki da aka cika da tsakuwa ko gutsattsarin roba, ruwa yana shiga daga ƙasa ya ratsa su ya fita ta sama. Ita ce matata marar iska. Abin da nake so mu tashi da shi a yau shi ne: lakar da ke sa wannan matata aiki, ita ce kuma ke kashe ta. Duk wani gyara da za a yi mata yana komawa ne ga tambaya ɗaya, wato yaya za a riƙe laka mai rai a cikin tanki ba tare da ta toshe wa ruwa hanya ba.

Taƙaitaccen tarihi

Tunanin ba sabo ba ne. A 1881 wani Bafaranshe mai suna Louis Mouras ya yi rajistar rufaffen tankin da ke narkar da najasa, a 1895 kuma Donald Cameron ya gina irin tankin da muke haɗawa da sokawe a garin Exeter na Ingila. Sai dai waɗannan tankuna kwantar da laka kawai suka fi ƙwarewa a kai; ƙazantar da ta narke cikin ruwa wucewa take yi abinta.

Waɗanda suka ɗora matata marar iska a kan ginshiƙin ilimi su ne James Young da malaminsa Perry McCarty na Jami'ar Stanford a Amurka, cikin binciken da suka wallafa a 1969. Sun cika dogayen bututai da tsakuwa, suka tura ruwa mai ƙazanta daga ƙasa, suka nuna cewa ko a zafin digiri 25 na ma'aunin Salshiyas ana iya cire mafi yawan ƙazantar ba tare da an ɗumama tankin ba. Kafin nan, ana ganin hanyar rashin iska ta dace ne da laka mai kauri kaɗai, wadda za a bari a tanki mai ɗumi makonni. Aikinsu ne ya buɗe ƙofa ga Gatze Lettinga na Wageningen a ƙasar Holan, wanda a shekarun 1970 ya fito da tankin UASB, inda laka ke dunƙulewa ta zama ƙananan ƙwallaye ta zauna a ƙasa ba tare da tsakuwa ba.

Daga nan matatar ta bazu. A Birazil an sa ta cikin ƙa'idar gini ta ƙasa a matsayin abin da ke bin tankin sokawe. A Japan tana cikin ƙaramar na'urar tace ruwan gida da suke kira jokaso, wadda aka yi wa doka ta musamman a 1983. Ƙungiyar BORDA ta garin Bremen a Jamus kuma ta yaɗa ta a unguwannin Indiya da Indunusiya cikin tsarin ƙananan matatu da ba sa dogaro da lantarki.

Abin da ke faruwa a cikin tanki

Ba tsakuwa ce ke tsabtace ruwan ba. Ita masauki ce kawai. Masu aikin ƙwayoyin halitta ne, kuma rukuni huɗu ne, kowane rukuni yana cin abin da na gabansa ya bari. Na farko yana farfasa manyan abubuwa irin su maiƙo, nama da sitaci su narke. Na biyu yana mayar da abin da ya narke ya zama asid iri-iri masu tsami. Na uku yana juya waɗannan asid su koma asid ɗin binega, da haidirojin, da kabon dayoksaid. Na huɗu shi ke ƙarasa aiki, ya mayar da su iskar metan, wadda ke tashi sama ta bar ruwan. Kusan kashi 70 cikin 100 na metan ɗin daga asid ɗin binega yake fitowa.

To, a nan matsalar take. Masu yin asid suna hayayyafa cikin 'yan sa'o'i, kuma suna da juriya. Masu yin metan kuwa, waɗanda Carl Woese ya nuna a 1977 cewa ba ma bakteriya ba ne, wani reshen halitta ne daban da ake kira arkiya, sai sun yi kwanaki kafin yawansu ya ninka, kuma ba sa jure tsami, ko sanyi, ko guba, ko oksijin. Idan ruwa yana wucewa cikin tanki a yini ɗaya, alhali halittar da ake buƙata sai ta yi kwana huɗu ko biyar kafin ta ninka, ruwan zai wanke ta tun ba ta kafu ba. Hikimar tsakuwa ita ce ta raba tafiyar ruwa da zaman laka: ruwa ya wuce cikin sa'o'i, ƙwayoyin su zauna wata da watanni, wasu manne da jikin dutse cikin yauƙi, wasu maƙale a ramukan da ke tsakanin duwatsu.

Idan komai ya tafi daidai, kowane kilo ɗaya na COD da aka narkar yana iya ba da mita kubik 0.35 na metan, kuma ƙarfin mita kubik ɗaya na metan ya kusa na lita ɗaya ta dizal. Mu ɗauka akwai mayankar da ke zubar da mita kubik 50 na ruwa a rana, mai COD miligiram 4,000 a lita. Kilo 200 ke nan na ƙazanta. Idan matata ta cire kashi 75 cikin 100, wato kilo 150, za a samu kusan mita kubik 50 na metan kowace rana. Wannan ya isa tafasa ruwa da babbakar kai da ƙafa, maimakon ƙona tayoyin mota da wasu mahauta ke yi.

Mataki na farko na inganta ta: abin da ake cika tanki da shi

Yawancin mutane suna zaton cewa mafi kyawun abin cikawa shi ne wanda ya fi faɗin jiki, don ƙwayoyi su sami wurin mannewa. Wannan tunani ne ke sa a zuba ƙananan tsakuwa, kuma shi ne kuskuren da ya fi kashe matatu. Young ya sake bibiyar lamarin tare da Mohamed Dahab a farkon shekarun 1980, suka gano cewa mafi yawan aikin lakar da ke maƙale a ramuka ce ke yin sa, musamman a ƙasan tanki, fiye da yauƙin da ke jikin dutse. A bitar da ya wallafa a 1991, Young ya nuna cewa ninka faɗin jikin abin cikawa ba ya ƙara ko kashi 5 cikin 100 a kan abin da ake cirewa. Girman ramuka da siffarsu su ne suka fi tasiri.

Mu yi lissafi. Fasasshen dutse yana cinye fiye da rabin tanki. Abin da ya rage wa ruwa bai wuce kashi 40 zuwa 50 cikin 100 ba. Zobban roba da aka ƙera don wannan aiki suna barin kashi 90 zuwa 95. A ce ɗakin kwanan ɗalibai ne mai mutum 200, kowa yana zubar da lita 80 a rana. Mita kubik 16 ke nan. Idan muna so ruwan ya yi sa'a 24 a cikin ramuka, da dutse sai mun gina tanki mai kusan mita kubik 36, da roba kuwa mita kubik 17 ya wadatar. Dutse yana da araha wajen saye, amma yana jawo ƙarin haƙa, ƙarin siminti, da ƙarin rodi don ɗaukar nauyinsa.

Ba dole sai an yi odar roba daga waje ba. Masu bincike a Jami'ar Campinas ta Birazil sun gwada zobban gora da ɓawon kwakwa, suka sami sakamako mai kyau a ruwan gidaje. A wasu wurare ana amfani da fasasshen jan bulo, ko gutsattsarin bututun waya, ko yankakkun robobin lemo. Sharuɗɗan su ne: kada abin ya ruɓe da wuri, kada ya saki guba, jikinsa ya zama mai kaushi, girmansa ya zama bai-ɗaya, kuma a wanke shi tas kafin a zuba. Littafin tsare-tsaren tsabtar muhalli na cibiyar Eawag ta Suwizalan ya ba da girma tsakanin milimita 12 zuwa 55. Idan ruwan mai kauri ne, a karkata ga manyan. Idan za a jera iri biyu, manya a ƙasa, ƙanana a sama. Abin da ba a so shi ne a gauraya su, domin ƙananan za su cike ramukan manyan.

Wani gyara mai amfani shi ne kada a cika tankin tun daga ƙasa. A bar fili a gindi, a ɗora abin cikawa a kan silab mai huji-huji. Wannan fili yana ba laka wurin kwanciya, yana kuma sauƙaƙa yashe ta. Masu bincike a Kanada, Guiot da van den Berg, sun faɗaɗa wannan dabara a tsakiyar shekarun 1980: ƙasan tanki ya zama shimfiɗar laka irin ta UASB, abin cikawa ya tsaya a sama yana tare lakar da ke neman tserewa. An rage kuɗin abin cikawa, an kuma rage toshewa a daidai inda ta fi faruwa.

Mataki na biyu: raba ruwa da lokacin zamansa

Ruwa hanya mafi sauƙi yake bi. Idan bututu ɗaya ne ke shigar da shi a kusurwa, zai haƙa wa kansa hanya guda daga mashiga zuwa mafita, sauran tankin ya zama matacce. A takarda tankin na sa'a 24 ne, a zahiri ruwan yana fita cikin sa'a uku. Maganin shi ne a raba mashiga zuwa bakuna da yawa a ƙasan tanki, a daidaita bakin mafita da ma'aunin magini don kada ruwa ya karkata gefe ɗaya, kuma ruwa ya rufe abin cikawa da aƙalla santimita 30. Ɗakuna biyu ko uku a jere, ruwa yana sauka ta bututu ya sake hawa a kowanne, sun fi babban ɗaki guda aiki, domin kowane ɗaki yana sake rarraba ruwan.

Ga ruwan gidaje, ana so ya zauna tsakanin sa'a 12 zuwa 36, kuma wannan lokaci shi ne abin da ya fi komai tasiri a kan sakamako. Sai dai a lura, ba matsakaicin yini kawai ake dubawa ba. A makarantar kwana, rabin ruwan yini yana iya zuwa tsakanin asuba da ƙarfe takwas. A mayanka, kusan duk aikin na safiya ne. Irin wannan ambaliya tana ɗaga laka ta fita da ita. Don haka wurin da ruwansa ke zuwa a guje yana buƙatar tankin tari a gaba, wanda zai karɓi ruwan ya riƙa sakinsa a hankali.

Idan kuma ruwan mai ƙarfi ne ƙwarai, COD ɗinsa ya haura dubbai da yawa, yana da amfani a riƙa dawo da wani ɓangare na ruwan da ya fita a gauraya shi da mai shiga. Hakan yana tsarma ƙazantar, yana dawo da sinadarin da ke kashe tsami, yana kuma raba aiki ga dukkan tsawon tanki maimakon ƙasansa kaɗai. Farashinsa shi ne injin famfo da wutar da zai sha.

Mataki na uku: tsare ƙofa

An yi wannan matata ne don ƙazantar da ta narke. Duk wani abu mai tauri da ya shiga, gurbin ruwa ya cinye. Saboda haka ba a haɗa ta kai-tsaye da bututun banɗaki. Dole a sa raga mai tare leda, tsumma da audugar mata, sannan ramin kwantar da yashi, sannan tankin da laka za ta kwanta. A garuruwanmu inda ƙura da yashi ke shiga kowace kwata, wanda ya tsallake ramin yashi ya gina rumbun yashi ne da kuɗinsa. Kada kuma a bar ruwan sama daga indararo ya shiga.

Maiƙo abokin gaba ne na musamman. Yana lulluɓe laka ya hana ta haɗuwa da abinci, ya sa ta taso sama, asid ɗin da ke fita daga gare shi kuma yana gurgunta masu yin metan. Gidan abinci, otal da mayanka dole su sa tarkon maiƙo, a kuma riƙa kwashe shi. A mayanka, gyara mafi araha ba a tanki yake ba, a dandamalin yanka yake: a tari jini daban, a kwashe abin cikin tumbi da shebur kafin a kawo ruwa. COD ɗin ɗanyen jini yana haura miligiram 300,000 a lita, wato lita ɗaya ta jini ta fi ɗaruruwan litocin ruwan gida nauyi.

Mataki na huɗu: tsami, zafi da guba

Masu yin metan suna son ruwan da ma'aunin tsaminsa, wato pH, ke tsakanin 6.8 da 7.2 ko kusa da haka. Idan ya sauka ƙasa da 6.5 sai su ja baya. Matata a nan kamar cikin mutum take: in aka ɗura mata fiye da ƙima sai ta yi ƙwarnafi. Masu yin asid sun yi gaba, masu yin metan sun kasa cim musu, tsami ya taru, tsamin kuma ya ƙara raunana masu yin metan ɗin. Alamun su ne gas ya ragu ko ya ƙi kama wuta, ruwan fita ya yi fari-fari da warin tsami. Abin lura shi ne pH yana jinkirin nuna matsala. Wanda ke da ɗakin gwaji ya riƙa auna yawan asid ya kwatanta da yawan sinadarin da ke kashe tsami. Idan na farkon ya haura kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na na biyun, a rage abinci nan take.

Wajen magance tsami, sodar bayikabonet ta fi aminci. Farar ƙasa ta fi araha, amma in ta yi yawa tana daskarewa a jikin tsakuwa ta toshe ramuka. Kanwarmu ta gida danginsu ɗaya da soda, sai dai tana zuwa da gishiri da yashi da wasu sinadarai da suka bambanta daga wuri zuwa wuri, don haka a gwada ta a ɗakin bincike kafin a zuba a tanki. Wannan fage ne da ɗalibanmu za su iya yin aiki mai amfani a kansa.

Game da zafi, ƙwayoyin sun fi kuzari a wajen digiri 35, kuma a ƙiyasi, duk saukar digiri 10 tana rage saurin aikinsu da kusan rabi. Mu a nan mun yi sa'a yawancin shekara. Amma mai zane kada ya yi lissafi da zafin watan Afrilu. Ya yi da sanyin hunturu na Disamba da Janairu, lokacin da aikin ya fi rauni. Binne tanki a ƙasa yana kare shi daga bambancin zafin rana da sanyin dare, wanda ƙwayoyin suka fi ƙi fiye da sanyi mai ɗorewa.

Sai guba. Ruwan bilic da magungunan wanke masai masu ƙarfi, idan aka zuba da yawa lokaci guda, suna iya kashe aikin wata shida. Amoniya, wadda ke fitowa daga jini da fitsari, tana fara takura wa ƙwayoyin daga miligiram 1,500 a lita idan pH ya hau, ta zama guba sosai sama da 3,000. Sinadarin salfet kuma yana kawo wasu bakteriya da ke gasa da masu yin metan wajen abinci, su saki iska mai warin baragurbi, wadda ke kashe ƙwayoyi, ta ci kankare da ƙarfe. A ɗaya gefen, Richard Speece ya nuna cewa wasu matatun masana'antu suna kasawa ne don rashin ɗan ƙarfe, nikel da kobal, waɗanda masu yin metan ke buƙata kaɗan-kaɗan. Ruwan gidaje yana da su. Ruwan masana'antar da ke sarrafa abu ɗaya, kamar sitaci, yana iya rasa su.

Mataki na biyar: farawa da kulawa

Sabuwar matata takan ɗauki wata shida zuwa tara kafin ta kai cikakken ƙarfinta. Ana rage wannan jira ta hanyar zuba mata iri: laka daga tsohuwar matata mai aiki, ko daga tsohon tankin sokawe, ko ɗanyen kashin shanu da aka dama aka tace. Daga nan a fara da kusan rubu'in ruwan da aka tsara mata, a riƙa ƙarawa sannu a hankali cikin watanni, ana duban pH da gas. Sannu ba ta hana zuwa. Ɗan kwangilar da ya buɗe dukkan bututu ranar bikin buɗewa don a ga aiki, shi ne ya fara lalata ta.

Bayan ta kafu, laka za ta ci gaba da taruwa, ba makawa. Hanya mafi sauƙi ta sanin toshewa ita ce a riƙa auna bambancin tsayin ruwa tsakanin mashiga da mafita. In yana ƙaruwa, ramuka suna cikewa. Hanya ta biyu ita ce a zuba gishiri ko rini a mashiga a ga sa'o'in da zai yi kafin ya bayyana a mafita. Idan ya fito da wuri ƙwarai, ruwa ya sami gajeriyar hanya.

Tun wajen zane za a tanadi bututun yasa da ke sauka har ƙarƙashin silab, mai faɗin da tiyon motar yashe sokawe zai shiga, da murfin da mutum zai iya ɗagawa a kan kowane ɗaki. Janye ruwa da sauri daga ƙasa yana sa na sama ya gangaro ya wanke ramuka. Kada a yashe duka. A bar wani kaso ya zama iri, kuma kada a yashe dukkan ɗakuna rana ɗaya. Ina kuma jan kunnen masu wannan aiki: kada kowa ya shiga tanki ba tare da an buɗe shi ya sha iska sosai ba, da igiya a ƙugu da mutane a sama, kuma kada a kusanto da wuta ko sigari. Iskar da ke ciki tana kashewa cikin mintuna, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa.

Abin da matatar ba ta iya yi

A ruwan gidaje, matata marar iska takan cire kashi 50 zuwa 80 cikin 100 na ƙazanta mai ruɓewa, wani lokaci ta kai 90. Naitirojin kuwa da ƙyar take cire kashi 15, kuma ba ta kashe ƙwayoyin cuta yadda ya kamata. Ruwan da ya fita daga cikinta ya fi haske, amma ba tsarkakakke ba ne. Yana buƙatar mataki na gaba: fadamar da aka gina aka shuka ciyayin ruwa a kan tsakuwa, ko kududdufin da rana ke duka, ko matatar yashi, ko labulen soso irin wanda Hideki Harada na Japan ya ƙirƙira aka gwada a Indiya. Idan za a yi ban-ruwa da shi, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar ƙwan tsutsar ciki ɗaya a lita. Naitirojin da ya rage kuwa taki ne ga gona, idan an kawar da cuta.

Gas ɗin ma kada a sake shi haka nan. Metan yana ɗumama duniya kusan ninki 28 na kabon dayoksaid a lissafin shekara 100. Inda ya yi yawa a tara shi a yi girki, inda ba a buƙatarsa a ƙone shi.

Ina ya dace da mu?

Mafi yawan garuruwanmu ba su da babban bututun kwasar ruwan ƙazanta. Kowane gida da sokawensa, rijiya ko burtsatse kuma tana nan kusa. Makarantun kwana, asibitoci, rukunin gidaje, kasuwanni da tashoshin mota su ne wuraren da matata marar iska, a bayan tankin sokawe, za ta fi yin amfani. A Kano, ruwan unguwanni da na mayanka yana gangarawa rafin Jakara, na masana'antun Bompai yana bin rafin Getsi, kuma da wannan ruwa ake noman kayan lambu da ke dawowa kasuwa. Mayanka wuri ne da ya dace da wannan na'ura, matuƙar an tare jini da maiƙo.

Kamfanonin jima na Challawa da Sharada kuwa lamarinsu daban ne. Dagwalonsu yana ɗauke da salfayid, farar ƙasa, gishiri da kuromiyam, waɗanda duk ke cutar da matatar. Wanda ya tura shi gaba ɗaya cikin matata marar iska ya yi asarar kuɗinsa. Sai an raba magudanun tun daga cikin masana'anta, a cire kuromiyam daban, a magance salfayid daban, sannan abin da ya rage ya shiga tanki.

Kammalawa

Ga abin da nake roƙo. Injiniyoyi su zaɓi abin cikawa mai manyan ramuka, su bar fili a gindin tanki, su yi lissafi da sanyin hunturu da ambaliyar safiya, kuma kada su miƙa zanen da babu bututun yasa a cikinsa. Masu ba da kwangila su sa watannin farawa cikin yarjejeniya, su riƙe wani kaso na kuɗin har sai gwaji ya nuna ruwan fita ya kai mizani. Hukumomin muhalli, daga NESREA zuwa na jihohi, su riƙa neman littafin kulawa, ba takardar izinin gini kaɗai ba. Jami'o'i da kwalejojin fasaha su gwada kayan da muke da su a gida, jan bulo, gora, robobi da kanwa, a ruwanmu da yanayinmu, su wallafa abin da suka samu ko da bai yi daɗi ba. Kowace matata kuma a ba ta mutum guda da aka sani da suna, mai albashi, da takardar gwajin pH, da sandar awo, wanda zai leƙa ta kowane mako ya rubuta abin da ya gani. Kuɗin wannan ma'aikaci na shekara bai kai na sake kwashe tsakuwar da ta toshe ba.